Maɓallin Shiru

Yusha'u ma'aikaci ne a ofishin waya na Kaduna, cikin masu gyaran layin tarho, kuma tun ranar da ya fara sa gajeren wando da doguwar safa irin na ma'aikata ya yanke hukunci cewa duk wata matsala ta duniya matsalar waya ce. In akuya ta ƙi cin dusa, in tuwo ya yi gudaji, shi dai a ransa akwai inda layi ya tsinke. Ya san da wannan hali nasa, har yakan yi wa kansa dariya, amma dariyar ba ta taɓa hana shi ɗauko filaya ba.

Mahaifinsa, Malam Sulaiman, shi ke yin tafsiri a ƙofar gidansa a Unguwar Sarki kowane azumi bayan la'asar, tun Yusha'u bai yi wayo ba. Amininsa Alaramma Sanda ke ja masa baƙi, wato shi ya karanto aya, Malam ya fassara wa jama'a da Hausa. To, a daminar da ta wuce Malam ya yi doguwar jinya, ya tashi da rabin muryarsa. In yana magana, na kusa da shi ne kawai ke ji, sauran sai kallon gemu yana motsi.

Ana gab da azumi Alhaji Idris, tsohon babban akawu da ke jagorantar dattawan unguwa, ya zo gaisuwa da mutanensa. Bayan an gaisa an sake gaisawa, ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, mun ga yadda jikin yake. Shi ne muka ce ko bana a bar wa Malam Yahaya zaman, kai ka huta."

Malam Yahaya almajirin Malam ne, matashi, mai murya kamar ganga. Malam ya ce, "To. A bari mu ga wata."

Yusha'u yana tsugune a bakin zaure, ya ga yadda carbi ya tsaya cak a hannun tsohon. Ya kuma san irin wannan hutu: in aka ba mutum bana, ba mai zuwa baɗi ya ce masa ya isa. Zaman nan shi ne abin da ya rage wa mahaifinsa. Tausayi ya kama shi, kuma kamar kullum, tausayin bai daɗe ba ya rikiɗe ya zama lissafin waya.

Yusha'u ɗan fari ne, don haka Malam ba ya kiran sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye in da mutum na uku a wurin. Ga shi kuma karatun allon Yusha'u bai yi nisa ba kawunsa ya ɗauke shi ya kai shi boko, abin da Malam bai taɓa cewa komai a kai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Saboda haka ta wajen Alaramma ya shigar da maganar ƙara wa Malam murya da lasifika. Amsa ta dawo a gabansa, yana zaune, Malam yana kallon bango.

"Sanda, gaya wa wancan, in abin nasa ba zai kama mutane da wuta ba, ya kawo."

Dama yana da akwatin ƙara murya da ya haɗa da hannunsa don garmaho, da lasifika mai baki kamar ƙaho, da batirin mota da wani direba abokinsa ya ara masa. Ya ciro abin magana guda biyu daga tsofaffin kawunan tarho, ɗaya na Malam, ɗaya na Alaramma. Da ya jona su gaba ɗaya ya kunna a tsakar gida, lasifikar ta saki wani irin kuka da ya sa kaji suka haura katanga, maƙwabciya ta leƙo tana salati. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, abin ya tabbata: in biyun suna buɗe, sai kuka. Dole murya ɗaya ta shiga a lokaci guda.

Makunni guda na hannu, irin na fitila, da ya wadatar. Amma Yusha'u ya ce a'a, sai rile. Rile wani ɗan ƙarfe ne mai naɗin waya da ake haɗa layin tarho da shi, in wuta ta shiga naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani siririn harshe ya manna, layi ya haɗu, ka ji ƙwas. Shugabansa ya bar masa biyu cikin tsofaffin da aka cire za a zubar. Amfanin rile shi ne yana iya zama can kusa da malamai, mai danna shi yana nesa, doguwar waya ta haɗa su.

Ya yi wa matarsa Rahmatu dogon bayani, cewa sai mutum yana can baya zai ji abin da jama'a ke ji. Bayanin gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne gaba wurin masu karatu ne, inda in Alaramma ya ja aya leɓuna ke binsa, kuma Yusha'u ba ya son a ga nasa leɓunan a rufe.

Rahmatu ta saurara har ya gama, ta ce, "To, Injiniya. Ni dai ka cire mini ƙarfen nan daga wuta, miyata ta fara warin dalma."

A murhunta yake gasa ƙarfen liƙi, ya kwaso da gudu ya narka dalma kafin ya huce. Ya ɗaure rile biyun cikin gwangwanin biskit, ya yi musu wata dabara da shi kansa ta ba shi sha'awa: in ɗaya ya kama sai ya riƙe kansa, ya kuma saki ɗan'uwansa. Ya ja doguwar waya zuwa wani ɗan katako mai maɓalli biyu. Ya ƙone yatsa, ya huda wandon aikinsa, ya sa Rahmatu ta zauna a matsayin Malam tana kirga kwanukan gida cikin abin magana, shi yana bayan rumbu yana dannawa. Ƙwas, muryarta. Ƙwas, babu. Ya yi ta yi har ta ce in ya kuma kashe ta tana tsakiyar magana, yau ba tuwo.

Aka ga wata. Azumin ya faɗo tsakiyar bazara, rana kamar ta sauko ƙasa. Ranar farko jama'a suka cika ƙofar gidan, rabi don tafsiri, rabi don ganin ƙahon da aka rataya a jikin mangwaro. Yusha'u ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna can ƙarshen tabarmi da katakonsa a cinya, yana jin kansa kamar mai tuƙa jirgin ƙasa.

Alaramma ya buɗe, muryarsa ta fito tas har bakin titi. Mutane suka kalli juna. Kan Yusha'u ya fara kumbura. Daga nan komai ya lalace.

Shi a zatonsa tafsiri kamar maganar tarho ne, wannan ya gama, wancan ya ɗauka. Ashe mutanen nan biyu da suka yi shekara da shekaru tare ba haka suke yi ba. Wani lokaci Alaramma kalma biyu zai ja, Malam ya tare shi. Wani lokaci Malam zai yi kamar ya gama, sai ya tuno wani abu ya ci gaba. Wani lokaci ya sa a maimaita ba tare da ya ce a maimaita ba. Yusha'u daga can baya ba ya ganin komai sai rawuna. Ya datse aya ba ta kai ƙarshe ba. Ya buɗe wa Alaramma lokacin da yake tari. Fassarar Malam kuwa duk kawunanta sun guntule, sai wutsiyoyi ke isowa. Wani tsoho a gefensa ya ce, "Kai, wannan ƙarfe ba ya da ladabi, yana yanke karatu."

Da aka tashi, Alhaji Idris ya wuce ta gabansa ya ce, "Sannu da ƙoƙari," da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu.

Bayan shan ruwa Yusha'u ya kwance gwangwanin kaf. Ya goge harsunan rile, ya daidaita su, ya auna batir, yana ta neman inda laifin yake. Rahmatu tana tsaye da kofin kunu ta ce, "Lafiyarsa lau fa. Duk lokacin da ka danna, ya yi ƙwas, ni daga cikin gida ina ji."

"Yana jinkiri."

"Wa?"

Ya mayar da murfin, yana cewa a ransa, Yusha'u, ka auna komai a gidan nan, saura mai dannawa.

Da safe kafin ya tafi ofis ya bi ta gidan Alaramma. Ya durƙusa ya ce, "Baba Alaramma, so nake a nuna mini wuraren da za a riƙa tsayawa yau, in sa alama."

Alaramma ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ɗana, ai ni ma ban sani ba. Shi ma bai sani ba. In zai karɓa, yakan ɗaga babban yatsansa daga kan takarda. In zai ba ni, yakan sunkuyar da kai. Shi ke nan ilimin. Amma daga gindin mangwaro ba a ganin yatsa."

Haka aka yi. La'asar ta yi, sai ga Yusha'u a gaba, gwiwarsa tana kusan taɓa buzun mahaifinsa, doguwar wayar da ya yi ta alfahari da ita a naɗe a cinyarsa kamar igiyar guga. Nisan da ke tsakaninsa da gwangwanin bai kai ya miƙa hannu ba. Ya tuna makunnin fitila, ya ji kamar ya nutse. Masu karatu suka matsa masa, ba wanda ya ko kalli leɓunansa, abin da ya ɗan ba shi haushi bayan duk wahalar da ya sha don ya ɓoye su.

Amma aiki ya yi. Yatsa ya ɗaga, ƙwas. Kai ya sunkuya, ƙwas. Cikin 'yan kwanaki hannunsa ya san abin, har ya fara jin inda aya za ta sauka kafin ta sauka. Muryar Malam, siririya da ita, tana fita daga ƙahon ta isa har wajen mata da ke bayan zana. Mutane suka fara zuwa har daga unguwar Malali. Ba wanda ya ƙara ambaton hutu.

Zaman kusa ne ya nuna masa abin da bai sani ba. Wata rana Malam yana cikin bayani sai ya tsaya. Ba tsayawar numfashi ba ce, idanunsa ne suka shiga yawo a kan takarda kamar mai neman allura a tabarma. Alaramma bai ɗago kai ba, ya faɗi kalma guda ƙasa-ƙasa. Malam ya cafe, ya ci gaba. Washegari aka sake, har sau da dama. Jinyar nan ashe ba murya kaɗai ta tafi da ita ba.

Yusha'u ya lura abin maganar Malam yana ɗauko raɗar, tana fita ta ƙaho sama-sama. Bai sani ba ko na baya sun gane. Ya kalli inda Alhaji Idris yake zaune, ya ga ya karkata kunne. In dattawa suka fahimci Malam ya fara mantuwa, ba ƙahon da zai cece shi.

Ranar ko kunu bai sha da kirki ba. Ya sa ƙarfe a wuta, ya ƙara maɓalli na uku a tsakiyar katakon. Aikinsa ɗaya: ya yanke wutar rile biyun, kowane ya saki, ƙaho ya yi shiru.

Rahmatu ta ce, "Wannan kuma na wa ne?"

"Na ba kowa."

"Wato ka hana ni dafa miya don ka ƙera abin da ba a jin komai da shi."

Ya ce, "Shi ya fi duk sauran wuya," kuma da gaske yake, abin da ya fi ba shi dariya ke nan daga baya.

Ya ƙware a kan maɓallin nan fiye da biyun. Da ya ga idanun Malam sun fara yawo, ƙwas, shiru. Alaramma ya yi raɗarsa, yatsa ya ɗaga, ƙwas, murya ta dawo. Daga waje ba a jin komai sai tsit na ɗan lokaci, jama'a su yi jugum suna jira. Yusha'u yana komawa gida da daɗi a ransa. Karon farko a rayuwarsa yana yi wa mahaifinsa wani abu da Malam Yahaya, da duk karatunsa, ba zai iya ba.

Ana cikin goman ƙarshe, bayan an tashi, Alhaji Idris ya tsaya gaban Malam, dattawa a bayansa. Fuskarsa a sake ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ne da neman afuwa a kan maganar da muka kawo. Bana tafsirin ya fi na kowace shekara. Ni abin da ke ratsa ni ma shirun nan da kake yi. Sai ka ga Malam ya tsaya, ya nutsa, ya tafi can inda mu ba ma kaiwa, sannan ya dawo mana da magana. Jiya na ce wa yarana, ku dubi yadda masu ilimi ke auna kalma kafin su furta."

Dattawa suka ce, "Ƙwarai kuwa." Yusha'u yana naɗe waya, bakinsa har kunne. An ci nasara ke nan, zaman Malam ya tabbata. Ya saci kallon mahaifinsa don ya ga farin ciki, sai ya ga tsohon ya zuba wa ɗan katakon ido, ya daɗe yana kallonsa. Bai ce wa Alhaji komai ba sai "Allah ya sa mu dace."

Washegari aka cika fiye da kullum. Karatu ya yi nisa, Malam ya zo wani wuri ya ce, "Wannan bayani na ji shi daga bakin malamina na Zariya, Malam..." Sai ya tsaya. Idanu suka fara yawo. Ƙwas.

Alaramma ya buɗe baki zai yi raɗa, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Sanda, gaya wa wancan ya buɗe."

Yusha'u ya ce a hankali, "Baba, ai bari a..."

"Gaya masa tun kafin ya ƙara maɓallin nan kake tuna mini, na kusa suna ji, ba wanda ya ɓoye wa wani. Mantuwa ba abin kunya ba ce. Amma a yabe ni da abin da ba ni da shi, a wannan wuri, cikin wannan wata, ina ji ina shiru, wannan ba zan iya ba. Ya buɗe."

Alaramma bai maimaita ba, ya dai dubi Yusha'u ya gyaɗa kai. Yusha'u ya danna na Malam.

Malam ya matso da bakinsa. "Jama'a, shirun da kuke ji ina yi, ba nutsuwa ba ce. Mantuwa ce. Tun da na tashi daga ciwon nan abubuwa ke kuɓuce mini, Sanda ke tsinto mini su. Yanzu haka sunan malamina nake nema, wanda na yi shekaru ina ɗaukar masa buta, na rasa."

Akwatin bai taɓa fitar da murya tas kamar ranar ba. Ba kuka, ba gurnani, kowace kalma ta isa bakin titi, ta shiga bayan zana. Yusha'u ya yi fatan batir ya mutu, ko dalma ta saki, ko wani abu cikin abubuwan da ya saba gyarawa ya lalace. Ina, aikin ya yi kyau.

Alhaji Idris ya sunkuyar da kai.

Malam ya ci gaba, "Zan ƙarasa muku wannan wata tare da Sanda, a fili. Baɗi in muna raye, Yahaya zai zauna nan, ni ina gefensa ina saurare. To, Sanda, tuna mini. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya sunkuyar da kai, alamar ya ba Alaramma.

Babban yatsan Yusha'u ya riga ya koma kan maɓallin tsakiya da kansa, don nan ya saba zuwa. Ya dube shi. Duk dabarar da ya yi don kada a karɓe wa tsohon zamansa, ita ce ta sa ya miƙa shi da hannunsa. Idanunsa suka cika, har katakon ya zama biyu a gabansa. Ya janye yatsan, ya lalubo na Alaramma, ya danna.

"Malam Sabo," in ji Alaramma, ƙaho yana kai ta ko'ina.

Yatsan Malam ya ɗaga daga kan takarda. Ƙwas.

"Malam Sabo," ya ce. "Allah ya jiƙansa. Shi ne."

Jama'a suka amsa da amin, daga gaba har bayan zana. Malam ya ci gaba da bayani daga inda ya tsaya, Yusha'u ya goge fuska da hannun riga, ya mayar da idonsa kan yatsan.